Daga Kano Zuwa Dakar A Mota: Yadda Muka Yi Shiri

Mu huɗu ne za mu yi tafiyar nan: maigida, da uwargida, da ƙanen maigida wanda yake makanike ne, da kuma ɗanmu na biyu wanda ya iya Faransanci kaɗan. Abin da ya tashe mu kuwa 'yarmu ta fari ce. Tana aure a Dakar, babban birnin ƙasar Sanigal, yau shekara shida ke nan ba mu sa ta a ido ba. Ta haifi 'ya'ya biyu a can, amma ba mu taɓa ɗaukar ko ɗayansu ba, sai dai mu ji muryarsu a waya. Da maigida ya yi ritaya daga aikin koyarwa, sai ƙanensa ya ce, "Yaya, ga mota ga lokaci. Me zai hana mu bi ta ƙasa?" Da fari dariya muka yi masa. Amma maganar ta ƙi fita daga ranmu, har muka sayi taswira muka shimfiɗa a kan tabarma.

Ya mai karatu, ba mu tashi ba tukuna. Labarin shiri ne za mu ba ka, gama mun ga shirin kansa rabin tafiya ne, watakila kuma ya amfani wani.

Hanyar kakanni

Ba mu ne muka fara ba. Kakan maigida farke ne, yana cikin masu zuwa Gwanja sayen goro. A zamaninsu ayari yakan tashi daga Kano da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, ya haye kogin Kwara, ya ratsa Bargu, har ya kai kasuwar Salaga a ƙasar Gana ta yanzu. Tafiya ce ta watanni. Kowane ayari yana da madugu, shi ne uban tafiya, da jagaba wanda yake wucewa gaba ya nemi masauki, da ubandawaki mai taimakon madugu wajen shirya da sarakunan hanya. Bayan yaƙin Salaga na 1892 fatake da yawa suka watsu, waɗansu suka zauna a zangon Kumasi, waɗansu suka gangara Ankara, watau babban birnin Gana. Har yau muna da dangi a unguwar Nima ta birnin nan. Saboda haka mu ma muka raba aiki irin na ayari. Maigida ne madugu. Ɗanmu ne jagaba, shi ne mai neman masauki ta waya. Makanike yana da mota. Jakar kuɗi kuwa tana hannun uwargida, ba wanda ya yi gardama.

Gardamar hanya

Hanya biyu ce a gabanmu. Ta fari ita ce ta arewa: daga Kano a bi ta Sakkwato, a shiga Nijar zuwa Yamai, sa'an nan Wagadugu, sa'an nan Bamako, a bi ta Kayes a faɗa Sanigal. Bisa ga lissafinmu ba ta kai kilomita 4,000 ba. Ta biyu ita ce ta bakin teku, kamar kilomita 5,000 ce, tana ratsa ƙasashe goma: Nijeriya, Benin, Togo, Gana, Kwaddibuwa, Laberiya, Saliyo, Gini, Sanigal da Gambiya.

Makanike ya kafe a kan ta arewa. Ya ce, "Yaya, ta fi kusa, ga iyakoki kaɗan, ga Hausa har Dosso." Gaskiyarsa ne. Amma shekara da shekaru 'yan bindiga suna tare hanyoyi a yankin da Nijar da Burkina Faso da Mali suka haɗu. A 2025 ma an yi ta ƙone tankokin mai a kan hanyoyin da suke shiga Bamako. Ban da haka, ƙasashen nan uku sun fita daga ƙungiyar ECOWAS a watan Janairu na 2025. Mako biyu muna jan magana. Ranar ƙarshe uwargida ta ce, "Ni jikokina nake so in gani, ba sauri nake yi ba. Hanyar lafiya a bi ta da shekara." Daga nan ba wanda ya sāke cewa uffan.

Ga yadda za mu bi. Daga Kano zuwa Legas kamar kilomita 1,000 ne. Mu haye iyaka a Seme mu shiga Kwatano, mu wuce Lome. Ƙasar Togo siririya ce a bakin teku, faɗinta bai fi kilomita 60 ba, iyakar Gana kuwa a Aflao tana manne da birnin Lome. Mu huta kwana biyu wurin dangi a Nima, mu bi ta Elubo zuwa Abijan. Daga Legas zuwa Abijan ma kamar kilomita 1,000 ne. Daga nan mu bar teku mu yi arewa ta Yamusukuro da Man da Danane, mu shiga Laberiya mu bi ta Ganta zuwa Monrobiya. Mu haye gadar kogin Mano mu shiga Saliyo, mu ga Firitawun, mu wuce Konakiri. Sa'an nan mu hau tsaunukan Futa Jalo ta Labe da Kundara, mu sauka kudancin Sanigal. Ƙasar Gambiya tana kwance a tsakiyar Sanigal. Dā sai mota ta yi ta jiran jirgin fito a kogin Gambiya, wani lokaci har a kwana. Amma tun watan Janairu na 2019 aka buɗe gada kusa da Farafenni. Daga can sai Kawlak, sai Dakar.

Takardu

An kafa ECOWAS a Legas a 1975, a 1979 kuma aka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar izinin shiga 'yar'uwarta ba biza, ya zauna har kwana 90. Ƙasashe goman nan duka suna cikin ƙungiyar. To, amma rashin biza ba ya nufin rashin takarda. Ga abin da muka tara:

Fasfo na kowa. Da muka duba, ashe na uwargida saura wata huɗu ya mutu, sai da aka sabunta. Ku lura kuma da shafuna. Sau goma za mu haye iyaka a zuwa, ko wace iyaka hatimi biyu, na fita da na shiga. Hatimi 20 ke nan, da dawowa 40.

Katin allurar shawara, watau katin nan rawaya. Sai bayan kwana goma da yin allurar yake aiki, saboda haka kada a bari sai ana gobe tafiya. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai.

Takardun mota duka, da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da katin inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card. An kafa tsarinsa a 1982, domin in ka yi wa wani ɓarna da mota a ƙasar da ba taka ba, a sami mai biya. A kowace iyaka kuma kwastan sukan ba mota takardar shiga ta ɗan lokaci. Ka riƙe ta kamar ƙwai, gama za a neme ta a wurin fita.

Mun yi wa kowace takarda hoto a waya, mun kuma buga kofe uku uku.

Gwaji

Makanike ya ce kada mu amince da shirin da ba a gwada ba. Saboda haka shi da ɗanmu suka tafi Kwatano suka dawo. Suka koyo abu uku. Na fari, a wani shinge an tsare su rabin yini domin abin kashe gobara na motar ya tsufa, kuma alamar nan mai kusurwa uku da ake kafawa in mota ta lalace guda ɗaya ce gare su. Fushi bai fisshe su ba, sai haƙuri da gaisuwa. Na biyu, iyaka da sassafe ake hayewa, kafin manyan motoci su yi layi. Na uku, da ɗan gari akan ci gari. A unguwar Zango ta Kwatano suka yi sallama da Hausa, nan da nan aka nuna musu masauki da mai canjin kuɗi na kirki.

Kuɗi da lokaci

Kuɗi iri bakwai za su ratsa hannunmu: naira, da sefa wadda ake kashewa a Benin da Togo da Kwaddibuwa da Sanigal, da sidi na Gana, da dalar Laberiya, da liyon na Saliyo, da faran na Gini, da dalasi na Gambiya. A 2022 Saliyo ta cire sifiri uku daga kuɗinta, saboda haka baƙo ya tambaya da kyau ko da sabon lissafi ake yi masa ciniki. Mun raba guzurinmu kashi uku, ko wane kashi a wuri dabam, kashi na uku kuwa ba mai taɓa shi sai ranar wahala.

Motarmu tana shan lita ɗaya a kilomita goma. Lita 500 ke nan a zuwa, 1,000 da dawowa. Da muka haɗa kuɗin mai da masauki da abinci da takardu, sai muka ga abin da ba mu zata ba: tafiyar ƙasa ba ta fi jirgin sama araha ba. Wanda yake neman sauƙin kuɗi kaɗai, gara ya hau jirgi. Mun yi shiru a daren nan. Da safe maigida ya ce, "Jirgi ba zai sauke mu a Nima ba." Uwargida ta ƙara da cewa ba zai ɗauki buhun kayan da ta tara wa 'yarta ba. Muka tsaya a kan shawararmu.

Mun yanke ba za mu wuce kilomita 300 a yini ba, ba kuwa za mu yi tuƙin dare ba ko kaɗan. Kwana 17 ke nan na tuƙi. In an haɗa da ranakun hutu da jinkirin iyaka, mun ware wata guda cur domin zuwa. Za mu tashi a tsakiyar Nuwamba. Dalili kuwa ruwa ne. Laberiya da Saliyo da Gini suna cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Afirka ta Yamma. A Konakiri ruwan watan Yuli kaɗai yakan wuce milimita 1,000, watau ya fi abin da Kano takan samu a yawancin shekaru daga farkon damina har ƙarshenta. Hanyar da ba kwalta takan zama taɓo, mota ta kwana a ciki.

Abu ɗaya ya yi mana daɗi: ko'ina ta hannun dama ake tuƙi. Saliyo ta koma dama a 1971, Nijeriya a 1972, Gana a 1974. Agogo kuwa sau ɗaya za mu juya. Da mun shiga Togo sai mu mai da shi baya da awa ɗaya, shi ke nan har Dakar.

Abin da ya rage

Makanike ya sāke tayoyi, ya sayi safaya biyu, da bel, da filogi, da jarkar mai, da ta ruwa. Uwargida ta ɗaure gidan sauro huɗu, da maganin zazzaɓi, da gishirin zawo, da garin kunu, da ƙuli-ƙuli. Mun kuma sani iyaka takan rufe ba shiri. Nijeriya kanta ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 har Disamba 2020. Saboda haka mun yi alkawari tsakaninmu: kowace safiya sai mun ji labarai, mun kuma tambayi direbobin tasha halin hanyar da take gabanmu. In suka ce ba lafiya, za mu jira. In jira bai yi ba, za mu juyo, ba wanda zai ji kunya.

Jiya 'yarmu ta buga waya ta ce, "Baba, babban yana tambaya ko gobe ne za ku iso." Muka ce ta gaya masa ya ƙirga kwana talatin daga ranar da muka tashi. In akwai mai karatu da ya taɓa bin hanyar Danane zuwa Ganta, ko ta Labe zuwa Kundara, muna roƙo ya rubuto mana ta hannun Edita. In Allah ya kai mu lafiya, za mu ba ku labarin abin da idonmu ya gani.