Katakon da Ya Koya Mana Haƙuri

Mu 'yan aji biyar ne aka ba aikin ƙarasa babban kabad ɗin da ke jikin bangon laburare. Tsakanin samansa da silin akwai rata, ta nan ƙura da ɓeraye suke kai wa littattafanmu. Aikinmu shi ne mu rufe ta da katako mai ado.

Katako 3 kaɗai makaranta ta iya saya: na gaba, na gefe, da na ko-ta-kwana. Muka auna hagu kawai, muka sa zarto. Da muka ɗaga, ashe silin ɗin ya karkace. Hagu ya rufu, dama kuwa yatsu biyu suna shiga. Saura biyu ke nan, ba damar kuskure kuma.

Malaminmu bai yi faɗa ba. Ya ce, "Yara, ku auna wuri uku tukuna." Ya nuna mana yadda ake yanka bakin kowane katako a digiri 45 domin su haɗu a kusurwa, da yadda ake dakushe tsinin ƙusa don kada katako ya tsage.

Yau littattafan suna nan tsaf. Ƙannenmu, in kun shiga laburare ku ɗaga kai ku duba. Sannu ba ta hana zuwa.