Ina Za Mu Kai Yara A Babban Hutu? Zagayen Makaɗan Garwa



Duk shekara idan makarantu suka rufe a watan Yuni, magidanci a Garwa yakan shiga wani hali da ba kasafai yake faɗa wa kowa ba. Yara sun dawo gida za su zauna kusan wata uku, ruwa ya sauka, zafin nan na Maris da Afrilu mai hana barci a ɗaki ya lafa, gari ya yi kore shar tun daga gindin dutsen Tinguelin har bakin kogin Binuwai, amma aljihu bai san an shiga hutu ba. 'Ya'yan masu hali an kai su Yawunde ko Duwala wajen dangi. Namu kuwa suna zaune gaban talabijin suna kallon yadda matasan Turai ke cika filaye a bukukuwan kiɗa na lokacin zafinsu, can sai babban cikinsu ya juyo ya ce, "Baba, mu ina namu?"

Amsar da muka fara bayarwa ta kuɗi ce, kuma ba ta haifar da ɗa mai ido ba. Wata shekara muka ga an manna takardun talla a jikin bango cewa wani mawaƙi zai zo daga kudu, za a fara wasa ƙarfe bakwai na yamma a wani zaure. Muka ciri abin da zai ishi gida cefanen kwana biyu muka yanki tikiti huɗu. Muka yi sallar Isha'i a waje muka dawo, ba a fara ba. Ƙarfe goma ta wuce ana ta gwada lasifika, ƙaramar 'yarmu ta yi barci a kafaɗa, teburan da ke kewaye da mu kuwa suka cika da kwalaben da ba mu so yaranmu su tambaye mu sunansu. Da mawaƙin ya fito, ashe faifai aka kunna masa yana bin sa da baki. Muka kwaso yara muka hau acaɓa biyu, uwargida ba ta ce mana uffan ba har gida, wanda kuwa ya san mata ya san wannan shirun ya fi faɗa.

A daren ne muka tuna da mahaifinmu. Malam limamin unguwa ne, ba mu taɓa ganin sa a wajen kiɗa ba, ba kuma a kunna kaset a zaurensa. Amma ranar Sallah, idan an sauko daga Idi, yakan sa wani almajirinsa babba ya riƙe hannunmu zuwa ƙofar fada, ya kuma damƙa wa kowannenmu 'yan sulalla ya ce, "Idan kun ga mai algaita ku miƙa masa, shi ma yana da iyali." A lokacin mun ɗauka sadaka ce kawai. Sai yanzu muka gane kuɗin tikitinmu ne yake ba mu.

To, bari mu fara daga ƙofar fadar, domin nan ne dandalin da ya fi kowanne girma a garin nan, kuma babu mai tsaye a bakinsa yana karɓar kuɗi. Masarautar Garwa ta kafu ne a farkon ƙarni na 19 a hannun Modibbo Haman Njundi, a ƙarƙashin Modibbo Adama na Yola wanda ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Sarautar ta Fulani ce, Lamiɗo ake cewa, amma duk Bahaushen da ya tsaya ya saurari sunayen fadawa zai ji kamar yana gida: Galadima, Sarkin Yaƙi, Sarkin Fada, Sarkin Shanu, Alƙali, ga dogarai da jajayen riguna. Haka ma kayan busa da na kiɗa, yawancinsu da sunayensu na Hausa ko na Barebari suka iso nan. A wannan kujera Alim Garga Hayatou ya zauna har rasuwarsa a 2021, Ibrahim El Rachidine ya gaje shi, kuma daga zuriyar gidan ne Issa Hayatou ya fito, wanda ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka daga 1988 zuwa 2017.

Wanda yake so ya ji kiɗan da kyau, kada ya bi tururuwar jama'a zuwa inda dawaki za su yi jafi, ƙura ce da turereniya, ga hatsari ga ƙananan yara. Ya nemi gefen da mabusa suke tsayawa, ya iso da wuri. Kakaki ne zai fara kama hankalin yaro, wannan doguwar ƙahon ƙarfe da ta fi mutum tsawo, wadda ba a busa wa kowa sai sarki. Muryarta biyu ce ko uku, amma tana ratsa ƙirji, kuma wanda ya saba da ita yana jin kirarin da take faɗa kamar da baki. Mu dai algaita ce ta fi ɗauke mu. A dubi kumatun mabushinta: yana tara iska a ciki ya riƙa turawa, a lokaci guda yana shaƙar wata ta hanci, shi ya sa sautin ba ya yankewa ko da zai yi tafiya daga filin Idi har fada. Yaranmu sun yi ta jira su ga inda zai tsaya ya numfasa, ba su gani ba. A bayansa ga masu ganga, ga maroƙi, wanda Fulani ke kira bambaaɗo, yana jero sunayen sarakunan da suka shuɗe, yana sauka daga Fillanci ya hau Hausa ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Yaron da ya tsaya nan rabin sa'a ya ji tarihin garinsu da ba a rubuta masa a littafin makaranta ba. Sai daga baya mahaya su zo a sukwane rukuni-rukuni, da takubba da masu a sama, su ja linzami dab da gaban Lamiɗo. Wannan ne Faransawa suka sa wa suna fantasia.

Sai dai akwai wani lissafi da ya kamata magidanci ya riƙe. Hutun makaranta yana bin kalandar Bature, fada kuwa wata take bi, shekarar wata kuma tana gaza ta rana da kimanin kwana goma sha ɗaya. A 2019 Babbar Sallah ta faɗo a watan Agusta, tsakiyar hutu. A 2022 ta dawo Yuli, a 2025 kuma farkon Yuni. Ke nan hawan Sallah ya fice daga cikin babban hutu, kuma sai yaranmu sun zama iyaye kafin ya sake zagayowa. Amma abin da ya fita ta wannan ƙofa wani ya shigo ta waccan: Maulidi, wanda ya faɗo a farkon Satumba a 2025, yana ja da baya zuwa cikin Agusta da Yuli, zai kuma yi shekaru yana tare da 'yan hutu.

Mun san malamanmu sun yi saɓani a kan Maulidi, kuma wannan shafi ba wajen yanke hukunci ba ne. Kowa ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi. Abin da muke iya shaida shi ne abin da kunne ke ji. A daren, unguwanni irin su Haoussaré da Foulbéré da Kolléré ba sa barci. Ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar zawiyoyi, ana rera Ishiriniya da Burda da Larabci, a biyo da waƙoƙin yabon Annabi (SAW) na Hausa da na Fillanci, mai ja yana ja, jama'a suna amshi. Akwai muryoyi a cikin tsofaffin nan, wasunsu teloli, wasu 'yan koli, da za su kunyata da yawa daga masu sayar da faifai. Ba a biyan ko sisi, hasali ma shayi da abinci za a ba ka. Kuɗin da za ka kashe na acaɓar komawa gida ne idan dare ya raba.

Idan an samu ɗan kuɗin mota, a fita bayan gari. Gaschiga, mazaunin Lamiɗon Demsa, tafiya ce ta ƙasa da sa'a ɗaya, kuma masarauta ce da ta yi suna wajen dawaki; duk wanda ya ji labarin za a yi naɗin sarauta ko tarbar babban baƙo a can, kada ya yi sanya. Pitoa ta fi kusa, kimanin kilomita 15, kasuwarta tana ci ranar Lahadi. Ba bikin kiɗa ba ne, amma a nan ake haɗuwa da Bororo da Fali da 'yan kasuwar Najeriya da Cadi, kuma mai kunne ba ya rasa mai garaya ko mai molo a gindin wata bishiya, ko makaho mai waƙar bara da ɗan jagoransa yana yi masa amshi. Mun taɓa tsayawa wajen wani irin wannan har muka manta da albasar da aka aike mu saye.

Ngaundare tana da nisa, kusan kilomita 280, sai an haye tsaunin nan mai wahalar da manyan motoci, amma wanda ke da dangi a can ya daidaita ziyararsa ta haɗa da Juma'a, domin fitowar Lamiɗo zuwa masallaci da komawarsa da mabusa da fadawa abin kallo ne na kowane mako. Rey Bouba kuwa, mai doguwar katangar fada, a bar ta sai rani. Hanyarta da damina ba ta mai iyali ba ce.

Akwai kuma ranakun da gwamnati da Faransawa suka kawo. Ranar 21 ga Yuni ita ce Fête de la Musique, bikin da aka fara a Faransa a 1982 bisa sharaɗin a yi kiɗa a fili kowa ya ji kyauta, ya kuma bazu zuwa ƙasashe da dama har da Kamaru. Ta faɗo daidai bakin hutu. Mai nema ya leƙa allon sanarwa na Alliance Française, ya kuma kasa kunne ga gidan rediyon CRTV na yankin Arewa. A irin waɗannan wurare ne matasanmu ke gwada sa'arsu a tafarkin da marigayi Ali Baba, wanda ya rasu a 2004, da Isnebo na ƙungiyar Faadah Kawtal suka share, wato ɗaukar kiɗan gida a ɗora shi a kan jita. Shawararmu ɗaya ce: uba ya fara zuwa shi kaɗai ya ga wurin da idonsa, ya tambayi lokacin tashi kafin lokacin farawa. Ranar matasa, 11 ga Fabrairu, da ranar ƙasa, 20 ga Mayu, su ma ana fito da ƙungiyoyin rawar gargajiya, sai dai ba cikin babban hutu suke ba. Babban bikin al'adu na ƙasa, FENAC, ya taɓa zuwa Marwa a Disambar 2008, muna 'yan sakandare, har yau waɗanda suka je ba su daina ba mu haushi da labarinsa ba.

Maƙwabtanmu Tupuri da Masa da Gidar suna da nasu manyan bukukuwa, irin su bikin zakara na Tupuri da Tokna Massana na Masa, wanda ke haɗa 'yan ƙabilar na Kamaru da na Cadi. Yawancinsu sai an kawar da amfanin gona ake yi, domin manomi ba ya rawa a watan Agusta. Wasu sassansu kuma na addininsu ne na gargajiya, baƙo Musulmi ya san inda zai tsaya da ladabi. Can kan iyaka wajen Mora da Kolofata, tun da rikicin Boko Haram ya tsallako a 2014, tafiya da yara sai an yi tambaya sosai.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Duk abin da muka lissafa mun ce kyauta ne, amma mabushin algaita ba iska yake ci ba. Tun asali abincinsa yana hannun sarki da masu biki da 'yan kallo. Yau masu biki sun gano cewa yaro ɗaya da kwamfuta da manyan lasifika biyu ya fi tawagar makaɗa araha, har ma a gidajen da kakanninsu ba sa ɗaura aure sai da kalangu. 'Yan kallo kuma mun koyi ɗaga waya mu ɗauki hoton mutum yana zufa, mu juya mu tafi. Kwatanta da abin da muka zubar a zauren nan na dare ɗaya: da mun canza shi zuwa 'yan ɗari biyar-biyar na sefa, da ya ishe mu liƙi a hawa biyu da Maulidi, har da ragowar na kunun yara. Tun daga shekarar muke yin haka. Kafin ranar mukan nemi canji wajen mai shago, mu raba wa yara, kowa ya je ya miƙa da hannunsa na dama, ya rusuna.

A hawan da ya wuce, bayan an watse, muka tarar da wani dattijo mai algaita zaune a inuwa yana kwance ta gaɓa-gaɓa yana gogewa da gefen rawaninsa. Muka durƙusa muka gaishe shi.

"Baba, sannu da aiki. Allah Ya ƙara lafiya."

"Yauwa ɗana, sannunku. Waɗannan naka ne? Allah Ya raya."

Muka tambaye shi ko akwai mai koyo a gidansa. Ya yi murmushi ya ce daga mahaifinsa ya karɓa, shi ma daga nasa, amma 'ya'yansa maza biyu duk acaɓa suke yi, kuma bai ga laifinsu ba, domin mashin kullum yana kawo wani abu, algaita kuwa sai Sallah. Babban ɗanmu, wanda ya fara yi mana waccan tambaya a gaban talabijin, ya matso ya ce, "Baba Tsoho, in gwada?" Dattijon ya harhaɗa ta, ya gyara 'yar karan bakin, ya miƙa masa. Yaro ya cika kumatu ya busa har idanunsa suka kawo ruwa, ba abin da ya fito sai wani ƙara kamar na ɗan akuya, ƙannensa suka fashe da dariya. Tsohon bai yi dariya ba. Ya karɓi kayarsa ya ce a samo wa yaron karan dawa mai rami da kofin ruwa, ya riƙa hura kumfa yana shaƙar iska ta hanci ba tare da kumfar ta tsaya ba, in ya iya wannan a dawo da shi. Kofin yana nan a tsakar gidanmu, kumfar kuma har yanzu tana tsayawa.