Holan, Ƙasar da Jihar Yobe Ta Fi Faɗi

Da sassafe a bakin karar shanu ta Potiskum, mai shayi ya huda gwangwanin Peak da tsinin wuƙa, yana tsiyaya wa dillalai a kofi. A bayansa ga bajimai ana ta lodin su a tirela zuwa Kudu. Sai dai madarar nan ba daga rugagen Fika ta fito ba. Ta kamfanin FrieslandCampina ce, mallakar ƙungiyar makiyayan Holan, kuma tun 1954 ake shan ta a Najeriya.

Holan ba ta kai jihar Yobe faɗi ba. Murabba'in kilomita wajen 41,500 ce, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ma teku ya fi shi tudu, da madatsu ake tare ruwan. Amma idan ana lissafin kuɗin kayan gona da ake fitarwa waje, a sahun farko take a duniya, ko da yake wani ɓangare na kayan shigowa yake yi ta tashar Rotterdam ya sake fita.

Wuya ce ta koya musu. A shekarun 1880 hatsin Amurka mai araha ya cika kasuwannin Turai, manoman Holan suka karye. Jamus da Faransa sun ɗora haraji a kan hatsin waje. Ita kuwa Holan sai ta zuba kuɗi a makaranta da ɗakunan bincike da malaman gona. Makarantar aikin gona da gwamnati ta buɗe a Wageningen a 1876 ta zama ta ilimi mai zurfi a 1918, yau kamfanonin iri da na abinci sun kewaye ta.

A jikin saniya aka fi ganin ribar. Shekara da shekaru ana rubuta abin da kowace ta bayar, ana zaɓen bijimin da 'ya'yansa suka fi nono, ana auna harawa da dusa. Yanzu saniyar Holan kan ba da lita fiye da 8,000 a shekara, alhali bunajinmu, in rani ya tsananta, da ƙyar take cika ƙwarya. A 1992 kamfanin Lely ya fito da na'urar tatsa wadda saniya ke zuwa wurinta da kanta in hantsarta ta cika. Har gobe ƙasar na kashe sama da kashi 2 cikin ɗari na arzikin da take samarwa a shekara kan bincike.

Yawan shanun ya zo da tasa rigimar. Kashinsu da fitsarinsu sun yi wa ƙasa da ruwa yawa, har a 2019 kotu ta rushe tsarin gwamnati na ba da izinin ayyukan da ke ƙara irin wannan gurɓata. Da aka fara zancen rage garke, a watan Oktoba manoma suka hau taraktocinsu, suka toshe manyan hanyoyin shiga birnin Hague.