Kamu Uku Na Hannun Wa?

A ƙasar Gwaram akwai wani manomi, dattijo ne gajere, wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci da girmansa har ya karɓi takardar shaida. Shekarar da zai aurar da 'yarsa ta fari, da kaka ta yi sai ya sayar da riɗinsa, ya ware kuɗin kayan ɗaki, don kowa ya sani a ƙasar Hausa gado da katifa a wuyan uban amarya suke. Kafintan garinsu ya yi masa gadon katako mai kyau, aka kai ɗakin amarya aka haɗa. Saura katifa.

Ranar da zai tafi Birnin Kudu sayayya, ya tsuguna ya auna cikin gadon yadda ya ga ubansa yana auna ƙyalle, watau da kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan ɗan yatsan tsakiya. Faɗi ya ba shi kamu uku cif. Ya riƙe a ka, bai rubuta ba, ga shi kuwa da fensir a aljihu.

Ya isa wani kanti a bakin hanyar Kano, ya tarar da katifu jibge tun daga ƙasa har rufi, kowace cikin ledarta. Mai kanti ba ya nan, sai yaronsa, wani saurayi dogo sambal. Suka gaisa, yaro ya ce, "Baba, wacce za a ba ka? Shida da huɗu, ko shida da biyar, ko shida da shida?"

Dattijo bai taɓa jin wannan lissafi ba, kunya kuwa ta hana shi tambayar ɗan cikinsa. Sai ya ce, "Ɗana, ta kamu uku nake so."

Yaro ya naɗe hannun riga, ya bi katifu yana aunawa da nasa hannun, har ya zo kan wadda ta yi masa kamu uku daidai. Aka yi ciniki, aka ɗaure ta bisa mota, dattijo ya koma gida yana murna. Da aka ɗora ta kan gado sai ta ƙi shiga. Aka danna nan, ta tashi can. Gefe guda ya hau kan katako ya yi tudu, kamar kunyar dankali. Jere kuwa saura kwana biyu.

Abin da ya faru ba shi da wuyar ganewa. Kamun dattijo inci 18 ne, uku ya zama inci 54. Kamun yaro inci 20 ne, uku ya zama inci 60. Kowannensu gaskiya ya faɗa, amma tsakanin gaskiyar nan biyu akwai rabin ƙafa.

Dattijon nan bai cancanci dariya ba, gama a zamanin da ya tashi katifa ba ta da lamba. Talaka yana kwana kan tabarma ko gadon kara, tsofaffi suna da gadon ƙasa wanda ake hura wuta ƙarƙashinsa da hunturu. Mai hali shi ke da gadon ƙarfe da katifar rimi. Ita kuwa mai ɗinki ne zai zo ya dubi gado, ya yanka ƙyalle daidai da shi, ya cusa audugar rimi, ya ɗinke. Ko da hannu ya auna ba laifi, tun da hannun da ya auna gado shi ne ya yanka ƙyalle. Watau a da katifa ke bin gado.

Katifar soso ita ta juya al'amarin. An kafa kamfanin Vitafoam a Ikko cikin 1962. Mouka kuma, wanda asalinsa ya soma da ƙera kayan ƙarfe da katako a Kano cikin 1959, ya shiga yin soso a Ikko cikin 1972. Inji ba ya zuwa gidan kowa ya dubi gado. Yana yanka soso bisa awo ƙayyadadde, dubu bayan dubu, saboda haka yanzu gado ne tilas ya bi katifa. Ko da yake Nijeriya ta koma awon mita tun cikin shekarun 1970, masu wannan sana'a har yau da ƙafa da inci suke magana.

Uwargida ta leƙo ta ga abin da ake ciki, ta ce, "Malam, a kawo wuƙa mana a rage ta."

Ya ce, "A'a. In aka farke rigarta, babu telan da zai mayar da ita yadda take kafin jibi. Kada kowa ya taɓa ledar nan."

A nan ya yi dabara, don leda in ta yage ba mai karɓar kaya. Ya aika aka aro masa tef ɗin tela, ya auna cikin gado daga katako zuwa katako, ya sami tsawo inci 76, faɗi inci 55. Wannan karon ya fitar da fensir ya rubuta da hannunsa, lamba ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka koya musu a aji.

Washegari ya sake biyan kuɗin mota, nasa da na katifa. Allah ya sa ya tarar da mai kanti. Alhaji ya karɓi takarda ya duba, ya ce, "Malam, ai da wannan ka zo da ita jiya, da ba ka sha wahala ba. Taka shida da huɗu da rabi ce."

Sa'an nan ya zaunar da shi ya warware masa lissafin. Lambar farko tsawo ce, ta biyu faɗi, duk da ƙafa, ƙafa ɗaya kuwa inci 12. Tsawo kusan ɗaya ne ga dukkansu, faɗi ne ke bambanta su. Mai ƙafa biyu da rabi ita ce ta ɗalibai, wadda akan ga yaran makarantun kwana suna ɗauke da ita a ka ran komawa hutu. Mai ƙafa uku ta mutum ɗaya ce. Daga huɗu da rabi miji da mata suke samun sakewa. Shida da shida ita amaren birni ke yayi, har akwai shida da bakwai, wadda faɗinta ya fi tsawonta.

Ya juya gefen wata katifa ya nuna masa rubutu: 75 x 54 x 8. Dattijo ya karanta a hankali, ya tsaya, ya ce, "Alhaji, ƙafa shida ai inci 72 ne. Ina aka samo 75?"

Alhaji ya yi dariya, ya ce suna ne kawai ake cewa shida, amma manyan kamfanoni ƙafa shida da inci uku suke yankawa. Kafintan da bai san haka ba, ya yi cikin gado shida cif, to katifa za ta tokare a kai ko a ƙafa. Nasu kafintan ya san aikinsa, har ya bar inci guda na cusa zanen gado.

Lamba ta uku kauri ce, da inci. Nan ne ido ke yaudarar mutane, musamman a kayan aure, inda 'yan kallo tudun gado suke fara dubawa. Alhaji ya sa aka fito da guda biyu, mai inci 12 da mai inci 8, ya ce ya ɗaga kowace. Mai kaurin ta tashi sakayau kamar buhun ƙaiƙayi, ɗayar kuwa sai da ya sa hannu biyu. Soso mai nauyi ƙwayarsa a matse take, shi ke daɗewa. Mara nauyi, komai kaurinsa, ba ya jimawa sai ya yi kwari a tsakiya, mai kwanciya ya riƙa tashi da ciwon baya.

Dattijo ya yi shiru. Ya san 'yan'uwan uwargida sun so a kawo shida da shida mai inci 12, don kada dangin ango su raina. Amma ya ga ɗakin da idonsa, ƙafa goma ne. In aka sa babbar, ba wurin jera kwanuka, balle wurin shimfiɗa sallaya. Ya zaɓi mai inci 8, ya cika abin da ya rage daga kuɗin da ya ajiye na sayen taki.

Ya iso gida bayan la'asar. Aka ɗora katifa ta zauna cikin gado zam. Da 'yan jere suka zo, wata gwaggon amarya ta danna ta da hannu, ta taɓe baki, ta ce ta gidan su wance ta fi wannan tudu. Dattijo yana zaure yana ji, bai tanka ba. Ya ninke takardar nan ya sa cikin gafaka tare da takardar shaidarsa ta aji, don akwai ƙannen amarya mata uku suna tasowa.