Ƙofofi 12 a Kan Tebur

Daga Gwaram mahaifina ya zo Kano aikin masaƙa. Bara na zagaya Bompai da Sharaɗa da Chalawa, na ɗauki hotunan ƙofofin masana'antu 12, kowace daga gaba kuma daga tazara ɗaya, irin salon da Bernd da Hilla Becher suka fara a Jamus a 1959. Da na jera su, sai bambancin fenti ya ɓace, kamanninsu suka fito: kwaɗo mai tsatsa, ciyawa a bakin ƙofa, bututu ba hayaƙi. Hoto ɗaya karayar attajiri ɗaya yake nunawa, jerin kuwa ya nuna ciwon na gari ne. Tsohon ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗora yatsa kan ta bakwai ya ce, “Nan muke shiga da asuba.”