Yinin da Na Kalli Tsallen Sanda a Napoli

Duk ɗalibin da ke bin ƙwallon ƙafa ya san Napoli, ko don Victor Osimhen. Ni kuwa na riga shi shiga filin wasan birnin, domin a watan Yulin 2019 na je, shi kuma sai a 2020 ya koma can. A lokacin ana kiran filin San Paolo, ba a sa masa sunan Maradona ba tukuna. Ba ƙwallo na je kallo ba. Gasar wasannin jami'o'in duniya karo na 30 ake yi a wannan birni na kudancin Italiya, wanda ke kwance tsakanin teku da dutsen Besubiyo mai aman wuta.

Jirgin ƙasa na hau daga tsakiyar gari zuwa unguwar Fuorigrotta. Ana zafi, amma iskar teku na ɗan sassauta shi. Niyyata in kalli tsere, sai kujerata ta faɗo daidai kusurwar da maza ke tsallen sanda. Ban sake waiwayar masu gudu ba.

Ga yadda abin yake. Ɗan wasa zai riƙo sanda mai tsawon kusan mita 5, ya sheƙo a guje na kimanin mita 40, ya cusa bakinta cikin wani ɗan rami da aka gina a ƙasa. Sandar za ta lanƙwashe kamar baka, har ka ce yanzu za ta karye, sannan ta miƙe ta cilla shi sama, ƙafafu a gaba, kai a ƙasa. A can sama zai juya, ya tsallake karan da aka gicciya, ya faɗo kan katifa. A da can da gora ake yi, yanzu kuwa sandunan na zaren gilashi ne. Kada wani ya karanta wannan ya je ya ciro gwangwala a bayan makaranta: in babu katifar da mai horarwa, karaya ce kawai.

Abin da talabijin ba ta nunawa shi ne jira. Gasar na cin sa'o'i. Mutum zai yi tsalle ɗaya, ya koma ya zauna, ya shafa farin gari a tafin hannu, yana kallon ƙyallen da ke nuna inda iska ta dosa. Wanda ya kayar da karan sau uku a jere ya fita. An kuma yarda ka ƙi tsallake wani mataki don ka adana ƙarfi, sai dai in ka kasa na gaba, ka yi biyu babu. A ganina wannan lissafin ya fi tsallen kansa daɗin kallo.

Wanda ya ci zinare a ranar shi ne Ernest John Obiena, daga ƙasar Filifin, ɗalibin injiniya a Jami'ar Santo Tomas da ke Manila. Ya tsallake mita 5.76, tsayin da babu ɗan ƙasarsa da ya taɓa kaiwa. Don ku gane tsayin, turken ragar ƙwallo mita 2.44 ne. Ku ɗora biyu a kan juna, har yanzu da sauran kusan mita guda.

Filifin ba ta yi suna a wannan wasa ba. Mahaifin Obiena ɗan tsallen sanda ne, a wurinsa ya fara gani. Daga baya ya koma Formiya, wani ƙaramin gari a bakin teku arewa da Napoli, wajen Vitaly Petrov, tsohon mai horar da Sergey Bubka. A 2017 jijiyar gwiwarsa ta tsinke ana gab da wata babbar gasa ta yankinsu, sai da aka yi masa tiyata. Da wannan gwiwar ya yi gudun da na gani, shekara biyu kacal bayan haka. Da na san labarin a lokacin, da na fi haka tafa masa.

Wata biyu bayan Napoli ya tsallake mita 5.81, ya samu gurbin zuwa gasar Olamfik ta Tokiyo. A watan Yunin 2023, a birnin Bergen na Norwe, ya zama ɗan Asiya na farko da ya kai mita 6.

Da aka tashi na bi ayarin 'yan kallo zuwa tasha. A bakin ƙofa na ga 'yan wasa biyu sun saɓo doguwar jakar sandunansu a kafaɗa, ɗaya a gaba ɗaya a baya, suna neman yadda za su sha kwana da ita ba tare da sun make kowa ba. Sai da wani ɗan sanda ya tsayar da mu suka samu suka wuce.