Latin A Bakin Bahaushe

Da yawa cikinmu muna ɗaukan Latin, watau harshen Rumawan dā, mataccen harshe ne wanda ba ruwan Bahaushe da shi. Amma in mun kasa kunne ga maganar mutane tun daga kasuwar Sabon Gari, mu bi ta Palladan har Samaru, za mu ji shi da ransa.

Ga sunayen watanni. Satumba daga septem ta fito, watau bakwai, Oktoba takwas, Nuwamba tara, Disamba goma. Yaya wata na goma sha biyu ya zama goma? Dalili, da fari shekarar Rumawa daga Maris take farawa. Yuli kuwa sunan Yuliyas Kaisar ne, aka ba watan a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa. Mil da muke auna hanya da shi daga mille ne, watau dubu, domin mil na Rumawa taki dubu ne, kowane taki ɗaga ƙafa biyu. Likita daga Turanci muka aro, amma asalinsa doctor mai koyarwa ne. Ashe malami da likita 'yan gida ɗaya ne.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne dinari. Denarius kuɗin azurfa ne na Rum. Larabawa suka karɓi sunan suka sa wa na zinariya, ya ƙetaro Sahara ya iske mu cikin littattafan fiƙihu. Turawa kuma suka kawo shi ta teku, domin harafin d da ake rubuta kwabo da shi, kafin Naira ta zo a 1973, farkon denarius ne. Kalma ɗaya, hanya biyu, masauki ɗaya.

A Samaru, inda aka kafa gonar gwaji a 1922, masana suna kiran dawa Sorghum bicolor, bicolor kuwa mai launi biyu ke nan. Da wannan suna manomin Zazzau da na Indiya ba za su yi gardama kan wace shuka ake nufi ba.

Saboda haka kada mu yarda da masu cewa aron kalmomi yana zubar wa Hausa da mutunci. Ingilishi kansa cike yake da aro daga Latin, bai kuwa ji kunya ba. Abin kunya shi ne mu da za mu koyar da yara mu riƙa furta kalma ba mu san mafarinta ba. In yaro ya tambaye mu, mu zamana da amsa.